CIWON SAIFA: CUTAR BISASHE MAI KAMA MUTANE

Bazara ta zo ƙarshe. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, haki ya fara tsirowa a bakin tabki. Bisashe sun sha wuyar rani. Yanzu suna kiwo baki a ƙasa, suna tsinkar ɗanyen haki har da saiwa da turɓaya. Makiyayi yana murna, manomi yana gyaran kalme. To, a irin wannan lokaci ne ciwon saifa ya saba ɓullowa.

Ga misalin yadda abin yakan faru a ƙauye.

Da marece saniya ta dawo daga kiwo lafiya lau. Ta sha ruwa, ta kwanta. Da asuba mai ita ya tarar tana rawar jiki, tana nishi, ta kasa tashi. Sai ya yi kira a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Aka yanka. Jini ya fito baƙi, ya ƙi daskarewa. Aka feɗe, aka ga saifa ta kumbura, ta yi baƙi ƙirin. Wani ya ce a jefar da saifar, sauran naman ba shi da laifi. Aka kasa nama, aka sayar da araha, wasu ma bashi suka ɗauka sai kaka. Aka shanya ƙirgi a bayan gida. Ranar nan kowace tukunya ta ga nama.

Bayan kwana 3, wanda ya yi fiɗa ya ga ɗan ƙurji a bayan hannunsa. Matar da ta wanke kayan ciki ta tashi da kumburin fuska. A wani gida yara 2 suna amai da zawo mai jini. Kafin mako ya zagayo, tumaki sun fara faɗuwa a wurin da jinin saniyar ya zuba.

Mai saniya ba mugu ba ne. Gudun asara ya yi. Amma asarar saniya guda ta zama asarar gari. Da ya san ciwon, da bai taɓa wuƙa ba.

MENE NE CIWON SAIFA?

Hausawa sun sa masa wannan suna ne don abin da yake yi wa saifar bisa. Ma'aikatan kiwo, da Faransanci, suna ce masa sharbo, wato gawayi, saboda baƙin jini da baƙin ƙurjin da yake kawowa.

Yana kama shanu, tumaki, awaki, raƙuma, dawaki da jakuna. Yana kama namun daji masu cin haki, kamar barewa da dorina. Yana kuma kama mutum.

Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba bakin mutane ba ne. Wata ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Wani lokotoro na ƙasar Jamus, mai suna Robat Kok, shi ne ya nuna wa duniya yadda take rayuwa, a shekarar 1876.

ƘWAYAR DA TAKE BARCI CIKIN ƘASA

Wanda yake zaune kusa da gulbi ya san gaiwa. In ruwa ya ƙafe, gaiwa takan shige cikin laka, ta naɗe, ta yi barci har damina ta dawo. Haka ƙwayar saifa take yi, sai dai barcinta ya fi na gaiwa nisa.

Muddin tana cikin jinin bisa, ƙwayar ba ta da ƙarfi sosai. In bisa ta mutu ba a buɗe ta ba, zafi da ruɓa sukan kashe mafi yawan ƙwayoyin cikin ƴan kwanaki. Amma da zarar an yanka ko an feɗe, jini ya sha iska, sai ƙwayar ta yi wa kanta ɓawo mai tauri. Daga nan rana ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta, gishiri ba ya kashe ta. Tana iya zama cikin ƙasa shekaru da yawa, ta wuce rayuwar wanda ya yanka bisar.

An ga shaidar haka a arewacin ƙasar Rasha, wani yanki mai ƙanƙara da ake kira Yamal. Rabonsu da ciwon tun 1941. A shekarar 2016 aka yi zafin da ba a saba ba, ƙasa ta narke, ciwon ya tashi. Bisashe fiye da 2,000 suka mutu, da yaro guda mai shekara 12. Shekara 75 ke nan tsakani.

Wannan shi ya sa akwai wuraren da tsofaffin makiyaya suke gudu. Sukan ce fadama kaza ba ta karɓar shanu, ko tabki kaza yana cin tumaki. Sau da yawa gaskiyarsu ce. Wata bisa ce ta taɓa mutuwa a wurin, aka feɗe ta ko angulu ta farke ta. Ruwan sama ya kwashe ƙwayoyin ya tara su a kwari, inda ruwa yake kwanciya. In haki gajere ne, bisa tana ci da ƙasa. In ƙaya ko busasshen kara ya ji mata a baki, ƙwayar ta samu ƙofa. Tana shiga jini sai ta farka, ta yi ta haihuwa, ta zuba dafi.

Ƙudaje masu cizo, irin bobuwa, su ma suna iya ɗaukar ta daga bisa zuwa bisa. Karnuka da kuraye da angulaye suna jan ƙashi da tsoka su kai nesa.

Dattawa suna tune da bushiya, wadda ta sha share garkunan shanu. An gama da ita a duniya baki ɗaya, an bayyana haka a 2011. Bushiya a jikin bisa kaɗai take zama, shi ya sa allura ta iya ƙarar da ita. Saifa kuwa gidanta ƙasa. Ba a korarta daga ƙasa. Tsare ta ake yi, shekara bayan shekara.

ALAMUNSA GA BISASHE

Babbar alama ita ce mutuwar farat ɗaya. Bisa mai ƙiba, wadda jiya take kiwo, yau a tarar da ita a mace. Tumaki da awaki da shanu sun fi yin haka.

In an riske ta da rai, za a ga jikinta ya yi zafi ƙwarai. Tana rawar jiki, tana tangaɗi, numfashi yana yi mata wuya. Ta daina tuƙa. Mai nono sai nonon ya ragu, wani lokaci ya gauraya da jini. Mai ciki tana iya ɓari.

Doki da jaki sukan ɗan jima, kwana 2 ko 3. Suna yin ciwon ciki, suna birgima, wuya da ƙirji da ƙasan ciki su kumbura. Raƙumi ma yakan kumbura a wuya.

Bayan mutuwa akwai alamu 4 da ya kamata kowa ya riƙe:

1. Jini yana fita ta hanci, ta baki ko ta dubura.
2. Jinin baƙi ne, ba ya daskarewa.
3. Mushen ba ya sandarewa sosai kamar sauran mushe.
4. Ciki yana kumbura da wuri, ruɓa tana saurin kamawa.

Ba kullum ake ganin alamun nan duka ba. Wata bisa ba ta zubar da jini ko kaɗan. Saboda haka duk bisar da ta mutu farat ɗaya, ba a san dalili ba, a ɗauke ta kamar mai ciwon saifa har likitan bisashe ya duba. Kada a buɗe ta don a ga saifar. Buɗewar nan ita ce ɓarnar.

Akwai wani ciwo da ake rikita shi da wannan, shi ne harbin daji. Ya fi kama ƴan maruƙa da ƙananan shanu. Bisa tana ɗingishi, cinya ko kafaɗa ta kumbura, in an danna sai a ji iska tana ƙara a ƙarƙashin fata. Ciwo ne daban, allurarsa ma daban. Rarrabe su aikin likita ne, ba aikin wuƙa ba.

ƘOFOFI UKU DA YAKE SHIGA JIKIN MUTUM

Ƙofa ta farko: fata.

Ita ce ta fi yawa. Cikin mutum 100 da suka kamu, wajen 95 ta nan ne. Ƙwayar tana shiga ta ɗan yanka, ta faso, ta ƙarzuwar ƙaya, ko ta inda aka sosa. Tsakanin kwana 1 zuwa 7, wani lokaci fiye, sai ɗan ƙurji ya fito kamar cizon sauro, yana ƙaiƙayi. Ya fi fitowa a hannu, damtse, wuya ko fuska. Mai ɗaukar ƙirgi a kafaɗa yakan same shi a wuya.

Kwana 1 ko 2 sai ƙurjin ya tara ruwa. Sa'an nan ya fashe, tsakiyarsa ta lotsa, ta yi baƙi kamar gawayi. Gefensa ya kumbura, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu ruwa a kewaye. Kaluluwa ta fito a hammata ko a wuya. Masassara da ciwon kai su biyo baya.

A nan mutane suke ruɗuwa. Maruru yana zogi, yana tara mugunya. Ƙurjin saifa ba ya zogi, ba ya tara mugunya. Sai mutum ya ce ai ba kome, tunda ba ya ciwo. Rashin ciwon nan shi ne abin tsoro. In ba a yi magani ba, cikin mutum 10 ana iya rasa 1 ko 2, domin ƙwayar tana wucewa cikin jini. In ƙurjin yana wuya ko fuska, kumburi yana iya toshe numfashi. In kuwa an je likita da wuri, kusan kowa yana warkewa.

Ƙofa ta biyu: ciki.

Wannan ta cin naman bisa mai ciwon ce. Tsakanin kwana 1 zuwa 7 mutum ya ji tashin zuciya, ya ƙi abinci, masassara ta rufe shi. Sai ciwon ciki mai tsanani, amai, zawo. Aman da zawon suna iya zuwa da jini. Ciki yana iya kumbura. Ga wasu, a maƙogwaro yake tsayawa: wuya ya kumbura, murya ta dushe, haɗiya ta gagara. Wannan ya fi na fata hatsari nesa ba kusa ba. In ba magani, fiye da rabin waɗanda suka kamu suna rasuwa. Kuma da yake tukunya guda ake ci, yakan kwantar da mutane da yawa a gida ɗaya.

Ƙofa ta uku: numfashi.

Wannan ta shaƙar ƙurar busasshiyar fata ce, ko gashin bisa mai ciwon. Ba ta da yawa, amma ita ce ta fi kisa. Yana farawa kamar mura: kasala, masassara, tari, ciwon ƙirji. Bayan ƴan kwanaki numfashi ya sarƙe, gumi ya yi ta zuba, mutum ya fita hayyacinsa. Yana iya ɓoyewa har wajen wata 2 kafin ya nuna kansa. In ba magani, kusan 9 cikin 10 ba su tashi.

Kowace ƙofa ya bi, in ya kai jini yana iya hawa kai, ya zama kamar sanƙarau: ciwon kai mai tsanani, wuya ya sage, hankali ya gushe.

Abu ɗaya mai kwantar da rai: ciwon saifa ba ya bin mutane kamar ƙyanda ko mura. Ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko ta zama tare. Ba a gudun mai shi, ba a ware shi. Mai jinya dai ya rufe ƙurjin da tsumma mai tsabta, kada ya taɓa ruwansa da hannu, ya riƙa wanke hannu da sabulu.

SU WA SUKA FI SHIGA HATSARI?

Makiyayi da ɗiyansa masu bin garke. Mahauci da yaransa masu fiɗa. Mata masu wanke kayan ciki da yayyanka nama. Dillalan fatu, majema, dukawa, masu ɗaure ganga da kalangu.

Ƙasar Nijar ta yi suna da fatu. Fatar jar akuya ta Maraɗi an san ta har ƙasashen Turai. Amma fata guda ta bisa mai ciwon saifa tana ɗauke da ƙwayar ko ta bushe ƙarau. A 2006, a birnin Niyok na Amurka, wani mai haɗa ganguna ya kamu da ciwon ta numfashi. Fatun awaki ne ya kawo daga Kodibuwa, yana kankare gashinsu a ɗaki rufe. Ƙwayar ta ƙetare teku cikin busasshiyar fata. Majemi da baduku su lura: fatar mushe ba abin saye ba ce, kome arhanta.

MAGANAR NAMA

A nan ne gardama take. Ga abubuwan da ake yawan faɗa a ƙauye, da amsar kowane.

Wasu sukan ce ai an yanka ta da rai, ba mushe ba ce. Gaskiya ne wuƙa ta riga mutuwa. Amma wuƙa ba ta kashe ƙwayar cuta. A lokacin da bisa take gargara, a lokacin ne jininta ya fi cika da ƙwayoyin.

Wasu sukan ce a cire saifa a jefar, sauran ya yi. Ciwon ba a saifa kaɗai yake ba. Duk inda jini ya kai, ya kai: tsoka, hanta, ɓargo, fata, kai da ƙafa.

Wasu sukan ce wuta tana kashe kome. Kafin nama ya kai wuta, hannu nawa ya taɓa shi? Mai yanka, mai fiɗa, mai kasawa, yaron da aka aika, matar da ta wanke. Ruwan wankin ma a tsakar gida ake zubar da shi, inda awaki suke lasa. Ban da haka, gashi na sama-sama ba ya ratsa tsoka. Shanya, banda, gishiri da yaji ba su kashe ƙwayar da ta yi ɓawo. Kilishin da aka yi da naman bisa mai lafiya abinci ne mai kyau. Wanda aka yi da naman bisa mai ciwon saifa guba ne da zai yi tafiya kasuwa-kasuwa.

Wasu sukan ce bara sun ci irinsa, ba abin da ya same su. Ba kowace bisa da ta faɗi ke da ciwon saifa ba, kuma ba duk wanda ya ci yake kamuwa ba. Amma tsira jiya ba lamuni ba ne na gobe.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Naman da aka kawo da dare, ko wanda kuɗinsa ya faɗi ba dalili, a tambayi asalinsa. A manyan garuruwa a sayi wanda aka yanka a mayanka, mai tambarin likita. A ƙauye, sarkin fawa shi ne idon jama'a. Kada ya yarda a hau da naman bisar da aka yanka a kwance.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

A Cadi, daga Satumba zuwa Disamba na 1988, ciwon ya ɓarke a yankin Shari Bagarmi. Dawaki da jakuna suka yi ta faɗuwa. An ƙidaya mutum 716 da suka kamu, 88 suka rasu.

A Zimbabuwe, lokacin yaƙin neman ƴanci, aka daina yi wa shanu allura a ƙauyuka. Tsakanin 1978 da 1980 mutum wajen 10,000 suka kamu, fiye da 180 suka rasu. Da allura ta tsaya, ciwo ya tashi.

A watan Yuni na 2023 ya ɓulla a arewa maso gabashin Gana, kusa da iyakar Burkina. Aka hana fita da bisashe da yanka a yankin na wani lokaci. A watan Yuli na 2023 aka tabbatar da shi a wata gonar kiwo kusa da Suleja, a Najeriya.

Garkuna suna ƙetare iyaka, fatu da nama suna ƙetare iyaka, ciwo ma ba ya tsayawa a kan iyaka. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai a shafa wa na kai ruwa.

IN BISA TA FAƊI, ME ZA A YI?

1. Kada a yanka, kada a feɗe, kada a cire fata, kada a ja ta a ƙasa.
2. A kore sauran bisashe daga wurin, a canza musu makiyaya da mashaya.
3. A rufe mushen da leda ko buhuna, a jibga ƙaya a kai, don kare da kura da angulu. A hana yara zuwa.
4. A sanar da mai gari, a sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa, ranar nan. Mai wayar salula ya kira. Ciwon saifa yana cikin cututtukan da doka ta wajabta a kai rahotonsu.
5. Kada a sha nonon bisar da take ciwo, kada a kai shi kasuwa.
6. Kada a sayar da sauran garken don gudun asara. Sayar da su kai wa wani gari bala'i ne. A tsare su wajen kwana 20 bayan mutuwar ta ƙarshe, ko iyakar kwanakin da likita ya yanke.

Likitan bisashe ba ya bukatar farke ciki. Ɗan ɗigon jini yake ɗauka daga kunne, ya shafa a gilashi, a duba da madubi. In da hali a aika Yamai, gidan binciken cututtukan bisashe da ake kira LABOCEL. Bisar da aka riska da wuri, jikinta ya yi zafi amma ba ta faɗi ba, ana iya cetonta da allurar penisilin ko wata irinta. Likita ne zai faɗi wadda za a yi da yawanta.

YADDA AKE KAWAR DA MUSHEN

Abin da ya fi shi ne a ƙone shi ƙurmus a inda ya faɗi, har ya zama toka. Amma ƙona saniya yana cin itace mai yawa, itace kuwa ya yi wuya. In ba hali, sai a binne.

A haƙa rami a gefen mushen, zurfin mita 2, wato kamu 4, yadda dogon mutum zai shige har kansa. A toshe hanci da baki da dubura da tsumma. A tura mushen da sanduna, da fatarsa, da kome nasa. A kankare ƙasar da jini ya taɓa a zuba a ramin. A mayar da ƙasa, a daddanne. A tara kara a kan wurin da bisar ta kwanta a cinna wuta. Sa'an nan a kewaye da ƙaya.

Kada ramin ya kasance kusa da rijiya, ko tabki, ko hanyar ruwa. In a irin wurin nan bisar ta faɗi, a jira ma'aikacin kiwo ya nuna yadda za a ɗauke ta a naɗe.

A da ana cewa a zuba farar ƙasa a ramin. Masana na yanzu sun gano ba a dogara da ita wajen kashe ƙwayar. Zurfin rami da wuta su ne abin dogara.

Masu aikin su sa safar hannu ta roba. In babu, su ɗaura leda a hannu. Su sa takalma, su rufe hanci da baki. Mai rauni a hannu kada ya shiga aikin. In an gama a ƙone ledar da sandunan, a wanke jiki da sabulu, a tafasa tufafi, a wanke kayan haƙa da ruwan jabel ko a sa su a wuta.

A tuna da wurin. A gaya wa ɗiya da jikoki: nan ba a kiwo, ba a haƙa rijiya, ba a ɗibar ƙasar gini.

IN MUTUM YA KAMU

Duk wanda ya taɓa bisar, ko ya ci namanta, ko ya ɗauki fatarta, ya je likita ko bai ji kome ba. Wani lokaci akan ba da magani tun kafin ciwo ya fito.

Wanda ya ga ƙurji mai baƙar tsakiya ya tafi ranar nan. Kada a matse shi. Kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho. Kada a yi masa sakiya. Tsaga shi tura ƙwayar ne cikin jini. A rufe da tsumma mai tsabta a kama hanya.

Wanda yake aman jini, ko wuyansa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a ɗauke shi da gaugawa, ko da dare ne.

In an isa, a gaya wa lokotoro gaskiya: an feɗe bisa ranar kaza, an ci nama, mutum kaza suka ci. Wasu suna ɓoyewa don kunya ko tsoron hukuma. To, zawo da masassara suna da iyaye da yawa. In ba a ambaci bisar ba, lokotoro yana iya neman wani ciwon daban, lokaci yana wucewa.

Ciwon saifa yana da magani. Penisilin, dokisisikilin da sifurofulokisasin duk suna kashe ƙwayar. Lokotoro ne zai zaɓa, domin na yaro daban, na mai ciki daban, na wanda ciwo ya yi wa nisa daban. Kada a saya a tiren ɗan kasuwa a sha 2 a ajiye. A sha har kwanakin da aka faɗa su cika. Ko ana shan magani, ƙurjin yakan ci gaba ya yi baƙin ɓawo, ya ɗauki makonni kafin ya faɗi ya bar tabo. Wannan ba ya nufin maganin bai yi ba.

SHAUSHAWA ITA CE GARKUWA

Allurar rigakafin saifa ta daɗe. A shekarar 1881, a ƙasar Faransa, wani masani mai suna Luwi Pasto ya gwada ta a gaban jama'a. Aka raba tumaki wajen 50 kashi 2. Aka yi wa kashi guda shaushawa, aka bar ɗayan. Sa'an nan aka sa musu ciwon duka. Da mutane suka dawo kallo, waɗanda aka yi wa shaushawa suna tsaye, sauran kuwa sun mutu ko suna gargara. Daga baya, wajajen 1935, aka samo wadda ta fi ta a Afirka ta Kudu. Irinta ce ake yi wa bisashe a yau. A Nijar, gidan LABOCEL yana haɗa allurar saifa.

Ga abin da ya kamata makiyayi ya sani game da ita:

Ƙarfinta na shekara guda ne. Kowace shekara sai an sake.

Ba ta fara tsaro nan take. Sai bayan mako 1 zuwa 2. Saboda haka a yi ta tun kafin ruwa ya sauka, kuma tun kafin garke ya hau arewa.

Allurar ciwon huhu ba ta tsare saifa. Ta harbin daji ma ba ta tsare ta. Makiyayi ya tambaya: wannan allurar ta wane ciwo ce? Ya adana takardar da aka ba shi.

Ba a haɗa ta da penisilin ko irinsa a lokaci guda, domin maganin yana kashe ƙarfin allurar. In ana yi wa bisa magani, a gaya wa mai allura.

Bisar da aka yi wa allura ba a yanka ta sai bayan wasu makonni. A tambayi likita kwana nawa.

A kawo garke duka, har tumakin mata da awakin cikin gida, har jakin ɗibar ruwa. Ɓoye rabin garke a daji ranar shaushawa cutar kai ne. Kuɗin allurar saniya guda bai kai kuɗin kaza ba.

AIKIN GARI NE BAKI ƊAYA

Abin da yake sa mutum ya yanka bisa mai gargara talauci ne da zafin asara. Saniya guda tana iya zama kuɗin hatsin shekara ko kayan auren ɗiya. Faɗa da shi ba zai hana ba. Abin da zai hana shi ne jama'a su tsaya masa. A da maƙwabta suna sayen kashin nama don su rage masa asara. To, kuɗin da za su ba da a karɓi naman cuta, su ba shi a matsayin gudummawa, su taya shi haƙa rami. Ƙungiyoyin makiyaya da na mata suna iya ajiye ɗan asusu saboda irin wannan rana. Shi ya samu sauƙi, gari ya tsira.

Mai gari, limami, sarkin fawa da ardo su yi maganar nan tun kafin damina. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, a bakin rijiya, a kasuwar bisashe.

Abin riƙewa 5 ne:

Bisar da ta mutu farat ɗaya, ba a buɗe ta.
Bisar da take gargara, ba a yanka ta don ci.
Fatar mushe, ba a saye, ba a sayarwa.
Baƙin ƙurji marar zogi, a kai shi likita ranar nan.
Shaushawa kowace shekara, kafin ruwan farko.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye jama'a da dukiyarsu, ya ba da damina mai albarka.